Waya Ko Agogo: Wa Ya Fi Sanin Yadda Ka Yi Barci?

In ka taɓa ɗaura agogon Oraimo ko Mi Band ka kwana da shi, ka san yadda abin yake. Da safe sai ya ce ka yi barcin awa shida, mai nauyi a ciki awa ɗaya. To ina ya samo wannan lissafi? Bari mu ɗan koma baya.

A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum. A 1953 kuma Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano matakin barcin da ido ke ta kai-komo, wanda aka fi yin mafarki a cikinsa. Har yau, in ana son awo na haƙiƙa, sai an manna maka wayoyi a kai, da gefen ido, da haɓa, ka kwana a asibiti. Riƙe wannan, domin wayarka da agogonka babu mai jin ƙwaƙwalwarka. Duk kintace suke yi.

Kintacen ya samo asali a shekarun 1970, lokacin da masu bincike suka fara ɗaura wa mutane na'urar auna motsi a wuyan hannu. Dabarar mai sauƙi ce: ba ka motsi, to barci kake. Kenan in ka kwanta shiru, ido biyu, kana lissafin kuɗin makarantar yara, sai ta rubuta maka barci.

A 2009 abin ya fito kasuwa ta hanya biyu. Manhajar Sleep Cycle ta ƙasar Suwidin ta ce ka ɗora waya kan katifa ta ji juyinka, daga baya ta koma sauraro da makirfo. A shekarar kuma Fitbit ya fitar da na'urarsa ta farko. Xiaomi ne ya karya farashi a 2014, Mi Band kan yuan 79 kacal. A 2017 Fitbit ya fara raba matakan barci ta hanyar haɗa motsi da bugun zuciya. Wannan koren hasken da ke ƙyaftawa a bayan agogonka, aikinsa kenan. Apple ma, duk da sunansa, sai 2020 ya sa awon barci a agogonsa.

Yanzu kawo su ɗakinka a Tudun Wada. Manhaja tana sauraron ɗakin ne gaba ɗaya: fanka, janareton maƙwabci, kukan jariri, minsharin wanda kuke ɗaki ɗaya. In kan katifa ka ɗora ta, juyin yaro ma naka ne a wurinta. Ga shi tana so ta kwana a caji, mu kuwa kun san halin wuta. Agogo jikinka kaɗai yake ji, kuma ƙananan nan sukan yi kwanaki ba caji. A ganina ya fi dacewa da mu, amma shi ma yana da tasa matsalar. Kai da ke tashi sallar asuba ka koma, sannan ka ɗan yi ƙailula, duba ko naka yana haɗa waɗannan guntayen. Wasu ba sa yi, sai su nuna maka kamar ba ka ƙoshi ba.

Jimillar awanni da lokacin kwanciya za ka iya dogara da su sama-sama. Batun "mai nauyi" da "mara nauyi" kuwa, kar ya ɗaga maka hankali. Tun 2017 likitoci a Amurka suka rubuta labarin mutanen da damuwa da makin agogo ta hana su barcin kansa.

Abin da ya fi makin muhimmanci shi ne numfashi. In uwargida ta ce kana minshari da ƙarfi, numfashinka na ɗaukewa sannan ka zabura, ga gyangyaɗi da rana, wannan cuta ce mai alaƙa da hawan jini. Sai a 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince wa agogunan Samsung da Apple su yi gargaɗi a kanta, kuma gargaɗi ne kawai. Ɗan agogon nan mai araha ba zai tabbatar maka da komai ba. Ka je asibitin koyarwa na Shika ka ga likita, in da hali ku tafi tare da ita, don ita ta ji abin da ke faruwa.