Barewa: Makarantar da Ta Haɗa Kan 'Ya'yan Arewa

A 2021 Kwalejin Barewa da ke kan titin Gaskiya a Zariya ta cika shekara ɗari. Makarantun gwamnati kaɗan ne a ƙasar nan suka kai wannan shekaru da mutuncinsu, don haka ya dace a waiwayi inda aka faro.

A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sarkin da ya hango amfanin ilimin zamani tun jama'a na ɗari-ɗari da boko. Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, aka ɗora mata aikin horar da malaman makaranta. Ginin ƙasa ne, ɗaliban ba su da yawa, amma zaɓaɓɓu ne daga lardunan Arewa. Cikin malamansu har da Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki. A waɗannan ɗakuna Ahmadu Bello na Sakkwato ya haɗu da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi da Abubakar Imam. Sun yi kwana wuri ɗaya, sun ci tuwo tare, sun san halin juna tun ba wanda ya yi zaton mulkin ƙasa zai zo hannun wasunsu.

A 1938 aka mayar da ita Kaduna, inda Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu, tsofaffin ɗalibai kuma suka kafa ƙungiyarsu a 1939. A 1949 ta sauka Zariya, ta sauya suna fiye da sau ɗaya kafin ta tsaya a kan Barewa a 1971.

Zamanin Zariya na farko shi ne ganiyarta. Yaro zai sauka jirgin ƙasa a tashar Sabon Gari da akwatin ƙarfe a ka, bai san kowa ba, a kai shi gidan Lugard ko Clifford ko Ɗan Hausa ko Nagwamatse. Kafin zango ya ƙare, gidan nan ya zame masa dangi. Da la'asar filaye kan cika: ga hoki, ga kurket, ga ƙwallon ƙafa, ga kuma Fives, ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wadda Sardauna Ahmadu Bello bai daina bugawa ba har yana Firimiya. Ƙungiyar muhawara ta koya wa yara tsayuwa gaban jama'a, faretin kadet kuma ya ja wasu zuwa aikin soja. Nan Yakubu Gowon, Kirista ɗan Wusasa, da Murtala Muhammed na Kano suka yi karatu. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a 1962, hanya ta miƙe wa ɗan Barewa daga aji zuwa jami'a ba tare da ya bar gari ba. Idan aka haɗa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutum biyar ke nan da suka shugabanci Nijeriya daga makaranta ɗaya.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da nasu nauyin. Ɗalibai sun yi yawa, kuɗi sun yi kaɗan, gine-gine sun tsufa, kamar yadda ya faru da makarantun gwamnati ko'ina. Tsofaffin ɗalibai ba su zuba ido ba, suna ta tallafawa gwargwadon hali.

Sai dai gyaran Barewa ya fi ƙarfin ƙungiya ɗaya. A yau mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ɗan talaka ya tafi tasa, ba sa haɗuwa balle su san juna. Arewa na bukatar wurin da ɗan manomi da ɗan sarki, Musulmi da Kirista, za su kwana ɗaki ɗaya su buga wa gida ɗaya wasa. Gwamnatin Jihar Kaduna da duk wanda ya ci moriyar makarantar nan su sa hannu: ƙwararrun malamai, ɗakunan gwaje-gwaje masu kayan aiki, ɗakunan kwana masu ruwa da wuta, da filayen wasa da aka gyara.