Suna Jarin Ɗan Kasuwa: Daga Karar Wudil Zuwa Sabon Ibadan



Kwanakin baya ma'aikatarmu ta tura ni wani kwas kan hulɗa da jama'a, inda malamin ya faro mana tarihin fannin daga Amurka, ya gangaro kan ƙungiyar masu wannan sana'a ta Nijeriya wadda aka kafa a 1963. Ina zaune ina sauraro, amma zuciyata tana karar shanu ta Wudil, inda wasunmu kan sulale ran Juma'a don kallon ciniki (Allah Ya sa malamanmu sun yafe mana).

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san Bafillace ba ya miƙa sansa ga baƙon ido. Dillali yake nema, wanda ya san shi, ko ubansa ya san uban dillalin. Shi ne zai shaidi cewa dabba ba ta sata ba ce, shi ne zai tsaya wa mai saye idan kuɗi bai cika ba. La'adarsa kaɗan ce, amma ranar da aka kama shi da ha'inci, kafin wata Juma'ar labari ya zaga rugage.

Shanun nan da yawansu Kudu ake kai su, kuma can ne abin ya fi fitowa fili. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a 1969 kan abin da ya gani. Falke ya iso da garkensa, sai ya sauka gidan wani maigida, wato fatoma, wanda zai ba shi masauki da abinci. Mahautan Yarabawa bashi suke ɗaukar shanun, babu takarda babu sa hannu, maigida ne lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida zai biya daga aljihunsa, don ya san fatake za su koma Arewa su ba da labarinsa. Shi kuwa mahaucin, sai dillalai su daina sayar masa har sai ya sauke nauyin. A ganina akushin tuwon da maigida ke fitar wa baƙi kullum ya yi masa aikin da allon talla ba zai yi ba.

Haka nan Alhaji Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955. Da fataucin goro ya fara, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma ya shiga sayen gyaɗa, yana ba yaransa jari su shiga ƙauyuka bisa amana. An ce a 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗinsa ajiya. Ko da niyya ya yi ko ba da niyya ba, duk wanda ya ga ayarin nan ba zai sake shakkar ƙarfin jarinsa ba. Jami'ar da ke garinmu ma sunan tattaɓa-kunnensa, Aliko Ɗangote, take ɗauke da shi.

Da aka ba mu damar tambaya, na kawo wa malamin kwas ɗin zancen fatoma. Ya yi dariya ya ce ba ya cikin manhaja. Na gayyace shi Wudil ran Juma'a, har yau ina jiransa.