Wace kyamara ce ke iya ɗaukar bidiyo da dare? Jagora ga masu ɗauka a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tambayar da aka fi aiko min ita ce: wace kyamara zan saya wadda ba ta jin tsoron duhu? Ba mamaki, domin yawancin abin da muke ɗauka a yankinmu bayan magariba ake yin sa: kamu, wasan biki, hira da mawaƙi a zaure. Wutar KEDCO kuwa ba a sa mata rana. Ga kuma yanayin tsaro da ya sa da dare cikin gida muke aiki. To ga abin da za ka duba kafin ka kashe kuɗin da ka daɗe kana tarawa.

Girman sansa

Sansa ita ce farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Ka ɗauke ta kamar kwanon tarbar ruwan sama: babban kwano ya fi tara ruwa. Mataki uku ne suka shafe mu. Akwai ta inci ɗaya, kamar ta Sony ZV-1 ta 2020 da DJI Osmo Pocket 3 ta 2023. Akwai APS-C, mai kusan milimita 23 da 15, irin ta Sony ZV-E10 ta 2021 da Canon M50 ta 2018. Sai babba, mai milimita 36 da 24, irin ta Sony a7S III, wadda kuɗinta na manyan furodusoshi ne. Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka: a7S III guda 12 kacal gare ta, amma ita ake kira sarauniyar duhu. GoPro kuwa sansarta ƙarama ce, ta rana ce da ɗaukar gudu.

Lens

Nan ne mutane suka fi yin asara. A jikin kowane lens akwai lamba mai f a gaba. Ƙanƙantar lambar, faɗin ƙofar hasken. Lens ɗin da ake haɗowa da kyamara yawanci f/3.5 zuwa 5.6 ne, kuma da ka jawo hoto kusa sai ya ƙara duhu. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5. Shi ya sa tsohuwar Canon 700D da lens 50mm f/1.8 za ta iya kunyata sabuwar kyamara mai lens ɗin kwali. Sai dai 50mm yana matse hoto, ba za ka riƙe shi da hannu kana ɗaukar kanka a ɗaki ba. Don wannan, Sigma 16mm f/1.4 a kan ZV-E10 ya fi dacewa.

Saitin da ke hana hoto lalacewa

Ka sa kyamara a kan firam 25 a daƙiƙa, shota a 1/50. Dalili shi ne wutar Najeriya 50Hz ce, in ka bar ta a 30 ko 60 irin saitin Amurka za ka iya ganin hoto yana ƙyafta ido a ƙarƙashin ƙwan lantarki. ISO kuma kamar ƙara murya ne a rediyo: yana ƙara haske, yana ƙara yashi-yashi a hoto. Ka gwada kyamararka ka san inda yashin ke fara yawa, ka tsaya nan. Wani abu kuma: idan ango ya sa farar shadda, kyamara takan auna hasken rigar ta dusashe fuskarsa. Ka saita hasken da hannu, fuska ce abin kallo.

Batir da zafi

ZV-1 da ZV-E10 suna karɓar wuta ta USB, ma'ana fawa banki zai riƙe ka har a tashi biki. M50 ba ta caji ta USB, dole ka tanadi batir biyu ko uku. A watan Afrilu da Mayu ƙananan kyamarori kan ɗau zafi su mutu in kana ɗaukar 4K, don haka 1080 ya wadatar da YouTube da TikTok, kuma ya fi sauƙin ɗorawa da irin netwok ɗinmu. Lokacin hunturu kuma kada ka cire lens a fili, ƙura na hawa sansa.

Idan ta hannu za ka saya

Ko a Funtua ko a Kano, kada ka gwada ta a bakin shago da rana tsaka, kowace kyamara kyau take yi a nan. Ka shiga lungu mai duhu, ka ɗauki fuskar mutum yana motsi, ka ga ko tana kama shi ko tana ta lalube. Ka ɗauki farin bango don ganin tabo a sansa, ka haska lens da tocila ko akwai farin gizo-gizo a ciki.

To wacce zan saya?

Mai ɗaukar kansa yana tafiya, Osmo Pocket 3. Mai son ya kai ga bidiyon waƙa da biki, ZV-E10 da lens mai f/1.4 ko f/1.8. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya riƙe wayarsa ya sayi fitilar LED mai caji da ƙaramin makirfo. Ka matso da fitilar kusa: in ka rage tazarar da rabi, hasken da ke kan fuska ya ninka huɗu. Ko wacce ka zaɓa, ka ware kuɗin fitila tun farko, domin babu kyamarar da ke ƙirƙirar hasken da babu shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a sana'a.