Makullin Aji a Hannun Wa? Tarihin Zaɓin Dandalin Karatu ta Intanet a Jami'o'i

A farkon shekarar 2021, bayan annobar korona da yajin aikin malaman jami'a na wata tara sun zaunar da mu a gida kusan shekara guda, muka koma makaranta muka tarar an buɗe mana dandalin karatu ta intanet. A can malamai ke ɗora takardun darasi, a can muke miƙa jinga, a can kuma muka rubuta gwaji biyu na wani kwas da ya fi kowanne ba ni wahala. Ana saura mako uku a fara jarrabawa, sai dandalin ya mutu. Daga baya muka ji cewa babbar kwamfutar da ke ɗauke da shi ce ta ƙone, ba a kuma ajiye kwafin bayanan a wani wuri ba, domin ma'aikaci ɗaya tilo da ya san kan aikin ya riga ya tafi inda aka fi biyansa. Makin gwajinmu ya bi iska. Aka sake tara mu muka rubuta a takarda, na sami abin da bai kai na farko ba, kuma wannan giɓin yana nan a takardar sakamakona har gobe.

Da muka kai kuka, amsar da aka ba mu ita ce manhajar ta kyauta ce, kuma araha ba ta ado. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Ita ce ta sa na shiga bin diddigin yadda jami'o'in duniya suka riƙa zaɓa tsakanin manhajar da kamfani ya mallaka yake bayar da hayarta, da buɗaɗɗiyar manhaja wadda kowa ke da damar ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara. Abin da na fahimta shi ne, kuɗin saye ƙaramin ɓangare ne na lamarin. Babbar tambayar da kowace jami'a ke amsawa, ko ta sani ko ba ta sani ba, ita ce: a hannun wa za ta bar makullin ajinta?

Ɗan da jami'a ta haifa

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, kusan duk manyan dandalan nan a cikin jami'a aka haife su. Tun a 1960 Donald Bitzer ya fara gina PLATO a Jami'ar Illinois ta Amurka, tsarin da ɗalibi ke zama gaban allon kwamfuta ya yi darasi da gwaji. A shekarun 1970 kamfanin Control Data ya karɓi ragamar sayar da shi, amma tsadarsa ta hana makarantu da yawa kusantarsa.

Da intanet ta yaɗu, aka sake bin wannan hanya. A tsakiyar shekarun 1990 Murray Goldberg, malami a Jami'ar British Columbia ta Kanada, ya ƙirƙiri WebCT domin ɗalibansa, a 1997 kuwa abin ya zama kamfani. A Jami'ar Cornell wasu ɗalibai suka gina CourseInfo, wanda a 1998 ya haɗe da wani ƙaramin kamfani na birnin Washington mai suna Blackboard. A 1999 John Baker, yana ɗalibi a Jami'ar Waterloo, ya kafa Desire2Learn. Jami'a ce ke haihuwa, kamfani ya yi reno, daga nan uwa ta koma biyan kuɗi duk shekara kafin ta ga ɗanta.

Ba don wauta jami'o'i suka yarda da wannan ciniki ba. Malami aikinsa koyarwa da bincike, ba shi da lokacin kwana gaban na'ura yana neman inda ta cije. Kamfani kuwa yana da ma'aikata da lambar waya, kuma akwai yarjejeniyar da za a riƙe shi da ita idan abu ya lalace. Matsalar ita ce rubutun asali da aka gina manhajar da shi a kulle yake. Jami'a ba ta da ikon canja ko ƙusa ɗaya sai da yardar mai shi, kamar dai mai zaman gidan haya.

Yaron da ya yi karatu ta rediyo

Wanda ya fi kowa girgiza wannan tsari ya taso ne nesa da kowace jami'a. Martin Dougiamas ya yi ƙuruciyarsa a hamadar yammacin Ostareliya, inda ta rediyo yake jin muryar malaminsa, takardun darasi kuma jirgin sama ke kawo su. Da ya girma ya yi aiki a Jami'ar Curtin da ke Perth, yana kula da WebCT. Nan ya ɗanɗani takaicin ganin gyaran da malamai ke buƙata, yana da basirar yin sa, amma lasisi ya ɗaure masa hannu. A watan Agustan 2002 ya fitar da Moodle a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya tsara a 1989. Sharaɗin lasisin a bayyane yake: ka ɗauka, ka karanta, ka gyara, ka raba, amma duk wanda ka ba shi, ka ba shi da irin 'yancin da ka samu.

Shekara biyu bayan haka, a 2004, manyan jami'o'in Amurka huɗu, wato Michigan da Indiana da Stanford da MIT, suka haɗa ƙarfi da tallafin Gidauniyar Mellon suka fara gina Sakai. Hikimarsu ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: maimakon kowa ya riƙa biyan haya, a taru a yi aikin gayya a gina na kai. A 2005 Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda ɗalibanta ke karatu daga gida, ta sanar da cewa ta zaɓi Moodle. Wannan ya rufe bakin masu cewa buɗaɗɗiyar manhaja wasan yara ce da ba za ta ɗauki dubban ɗalibai ba.

Shari'ar da ta farkar da masu barci

A ƙarshen 2005 Blackboard ya sanar da sayen babban abokin hamayyarsa, WebCT, a kan dala miliyan 180. Jami'o'in da suka zaɓi WebCT don gudun Blackboard suka wayi gari a hannun wanda suka guda. A watan Janairun 2006 hukumar Amurka ta ba kamfanin takardar mallakar ƙirƙira a kan wasu ginshiƙan tsarin koyarwa ta intanet, a watan Yuli kuma ya maka Desire2Learn a kotu.

Hankalin malamai ya tashi, domin in har kamfani guda zai mallaki dabarar raba matsayin malami da na ɗalibi a cikin kwas, babu dandalin da zai tsira. Wasu suka duƙufa suna tattara tarihin tsofaffin tsare-tsare a Wikipedia don nuna cewa dabarun sun girmi kamfanin. Lauyoyin da ke kare buɗaɗɗiyar manhaja suka nemi a sake duba takardar a madadin Sakai da Moodle da ATutor. Matsin ya sa a watan Fabrairun 2007 Blackboard ya yi alkawarin ba zai kai ƙarar masu buɗaɗɗiyar manhaja ba. A 2008 wata kotu a Texas ta ci Desire2Learn tarar dala miliyan 3.1, amma a watan Yulin 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hujjar mallakar, kafin ƙarshen shekarar kuma ɓangarorin biyu suka sasanta. A wannan shekarar dai Blackboard ya sake sayen wani abokin hamayya, ANGEL.

Darasin da jami'o'i suka ɗauka daga waɗannan shekaru huɗu ya fi hukuncin kotu nauyi. Sun gane cewa kamfanin da ka ƙulla yarjejeniya da shi yau, wani na iya saye shi gobe, kuma kwashe darussan shekara goma daga wani dandali zuwa wani aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, da yawa suka shafa wa nasu ruwa suka koma Moodle ko Sakai.

Lokacin da iyaka ta ɓace

Da a ce tarihin ya tsaya a nan, da sai in ce buɗaɗɗiyar manhaja ta yi nasara, in ajiye alƙalami. Amma abin da ya biyo baya ya rikita lissafin. A 2012 Blackboard ya sayi Moodlerooms da NetSpot, kamfanoni biyu da ke kula wa makarantu da Moodle a biya su. Zaman tare tsakaninsa da Moodle ya ɗore har 2018 kafin a raba gari. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Instructure, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Brigham Young suka kafa a 2008, ya buɗe rubutun asalin Canvas ga kowa a 2011, amma yawancin jami'o'i sun gwammace su biya shi ya riƙe musu dandalin a kwamfutocinsa. A 2020 masu zuba jari suka sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne makomar Sakai. Michigan da Indiana da Stanford, waɗanda suka aza harsashinsa, duk sun bar shi sun koma Canvas. A nahiyarmu ma an ga irin haka. Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta buɗe dandalinta mai suna Vula a kan Sakai a 2006, ta rene shi fiye da shekara goma sha biyar, daga baya ta koma Amathuba, wanda aka gina a kan Brightspace na kamfanin D2L, wato Desire2Learn ɗin da aka taɓa kaiwa kotu. Waɗannan jami'o'i ba su rasa ƙwararru ba. Sun auna ne suka ga cewa riƙe ƙwararrun, da biyan su, da bin sauye-sauyen fasaha kowace shekara, ya fi musu nauyi a kan biyan haya.

A nan na gane kuskuren amsar da aka ba mu a 2021. Wanda aka ba buɗaɗɗiyar manhaja fili aka ba shi da tubali kyauta. Gini nasa ne, yaɓe kafin damina nasa ne, gadi ma nasa ne. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta ci moriyar Moodle ne saboda ta ɗauki ma'aikata ta zuba kuɗi, har gyare-gyarenta suka amfani sauran duniya. Mu kuwa muka karɓi fili muka ɗora wa mutum ɗaya, ranar da ya tafi ya tafi da makullin a aljihunsa.

Abin da tarihin ke gaya mana

To, ko mafita ita ce mu ruga gidan haya? Nan ma akwai ƙaya. Hayar kamfanonin ƙetare da dala ake biya. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemo wa kanta farashi, dalar da ake samu a hukumance a kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk jami'ar da ta ƙulla yarjejeniya da dala, hayarta ta ninka sau uku ba tare da an ƙara mata ko ɗaki ɗaya ba. Akwai kuma batun sunayen ɗalibai da makinsu da rubuce-rubucensu, waɗanda dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da su alhakin tsarewa. Kayan aro ba ya rufe katara, musamman idan mai kayan yana wata nahiya.

Saboda haka, abin da na tsinta daga wannan tarihi na shekara sittin da ɗoriya tambayoyi ne da ya kamata majalisar kowace jami'a ta amsa kafin ta sa hannu. In ta zaɓi kamfani, shin yarjejeniyar ta ba ta damar kwashe darussanta da makin ɗalibanta a duk ranar da ta so tafiya, kuma da wane kuɗi za ta biya bayan shekara biyar? In ta zaɓi buɗaɗɗiya, mutum nawa ne suka san aikin, nawa aka ware musu a kasafi, kuma a ina ake ajiye kwafin bayanai? Ta kowace hanya, shin ɗalibin da ke ƙauye da ƙaramar waya da data ta naira ɗari biyar zai iya sauke darasi ya karanta bayan layi ya yanke?

Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga buɗaɗɗiyar manhaja, domin albashin ma'aikacinmu da naira ake biyan sa, ilimin da ya samu kuma a gida yake zama. Amma ina da sharaɗi, wanda na ɗauko daga dabarar masu Sakai ta 2004: jami'o'in da ke maƙwabtaka su haɗa ƙwararru da na'urori da wurin ajiya, ta yadda tafiyar mutum ɗaya ko ƙonewar kwamfuta ɗaya ba za ta shafe wahalar ɗalibai ba. Sai dai a tuna cewa gayyar Sakai ta yi rauni ne lokacin da manyan masu noman suka janye, don haka haɗin zai buƙaci kasafi da yarjejeniya a rubuce, ba fatar baki kaɗai ba.

Ƙanwata ta sami gurbin karatu a bana, kuma a ranar farko aka ba ta sunan shiga dandali da kalmar sirri. Ta tambaye ni ko dandalin nasu mai kyau ne. Na ce mata ban damu da sunansa ba tukuna, ta fara binciko min ko mutum nawa ne ke kula da shi, sannan duk jingar da ta miƙa ta ajiye kwafinta a wayarta.