Ƙarancin jini na Biermer: ciwon da ƙwayar ƙarin jini ba ta warkarwa

A Gidimuni, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, idan mutum ya yi fari fat yana haki, abin da ake fara zargi shi ne zazzaɓin cizon sauro ko rashin abinci mai gina jiki, kuma galibi hakan ne. Amma akwai wani nau'in da likitoci ke kira ciwon Biermer, da sunan likitan Jamus Anton Biermer wanda ya bayyana shi a 1872.

Tushen ciwon yana cikin tumbi. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin tumbin da ke samar da wani sinadari wanda sai da shi hanji ke iya tsotsar bitamin B12. Don haka ko mutum na cin nama, nono da kifin tafkin Gidimuni kullum, bitamin ɗin wucewa yake yi. Hanta na da ajiyar da ke kai shekaru, shi ya sa ciwon ke shigowa a hankali, ya fi kama manya da tsofaffi.

Alamunsa sun haɗa da kasala, jiri, bugun zuciya, harshe ya yi ja ya yi sulɓi yana zafi. Waɗanda suka fi haɗari su ne na jijiya: tafin hannu da ƙafa su riƙa mutuwa ko tsikari, tafiya ta koma tangaɗi, mantuwa ta yawaita. Sau da yawa akan ɗora wa tsufa laifin.

Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a asibitocin CSI, mai sinadarin ƙarfe da folik asid, tana iya ɓoye ciwon: awon jini ya gyaru, jijiyoyi kuwa su ci gaba da lalacewa, wani lokaci har abada. Awon NFS kan nuna jajayen ƙwayoyin jini sun yi girma fiye da kima, daga nan a auna B12. Wannan kan sa a tura majinyaci babban asibitin ƙasa na Damagaram.

Kafin 1926 ciwon kisa yake yi, sai likitocin Amurka Minot da Murphy suka gano cewa cin hanta mai yawa na ceton majinyata. Yau allurar B12 ake yi, microgram 1000, a jere da farko, daga baya sau ɗaya a wata ko yadda likita ya tsara. Ba a dainawa don an ji sauƙi, allurar ta tsawon rai ce. Likita kan kuma sa ido kan tumbin, domin ciwon na ƙara haɗarin kansar tumbi.