Ministan Abuja: Gwamnan Da Ba Mu Zaɓa Ba



Sau da yawa a zaman ƙungiya ana tambaya: me ya sa kowace jiha take da gwamna, mu kuma a Abuja sai minista? Amsar tana cikin tarihi.

A Jamhuriya ta Farko, zamanin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga cikin 'yan majalisa ake ɗauko ministoci, irin tsarin Ingila. A 1979 aka koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. A wannan tsarin shugaban ƙasa ke naɗa minista, Majalisar Dattawa ta tantance shi, kuma yana iya sauke shi duk ranar da ya ga dama.

Ita kuwa Abuja, a watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙire ta da Doka ta 6, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Mobolaji Ajose-Adeogun ne ya fara riƙe ragamar aikin. Bayansa an yi irin su Mamman Vatsa da Hamza Abdullahi, kuma Gado Nasko ne minista ranar 12 ga Disamba, 1991, da Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas.

Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 299, ya ba shugaban ƙasa ikon da gwamna yake da shi a jiha, ya ba Majalisar Tarayya aikin yi mana dokoki. Sashe na 302 kuma ya ba shugaba damar miƙa wannan iko ga minista. Shi ya sa filaye da takardar mallaka da rusau duk suke hannunsa. Waɗanda suka zauna a nan zamanin Malam Nasiru El-Rufai, daga 2003 zuwa 2007, ba su manta da rusau ba, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. Daga baya an yi Bala Muhammad da Muhammad Musa Bello, sai Nyesom Wike a 2023.

To, abin lura shi ne, mutumin da sa hannunsa zai iya tashin kasuwa ko unguwa, ba ƙuri'armu ce ta kawo shi ba. Amma ba a bar mu hannu sake ba. Muna zaɓen sanata ɗaya, 'yan Majalisar Wakilai biyu, da shugabanni da kansiloli a ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Ta bakinsu kukanmu yake isa sama.

Don haka mai katin zaɓe a garinsu amma kasuwancinsa da iyalinsa suna nan, ya yi tunanin dawo da rajistarsa Abuja. Mai fili kuma ya tabbatar da takardunsa a ofishin AGIS tun kafin a zo da jan fenti.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, amin.

Sakataren Ƙungiya