Cutar MS da ƙwayoyin bairos da ɗan Adam ya gada

MS cuta ce da garkuwar jiki ke far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har saƙo ya kasa wucewa yadda ya kamata. Alamominta sun haɗa da dishi-dishin gani, dindiris, kasala da tangaɗi wajen tafiya. Kimanin mutum miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya, mata kuma sun ninka maza.

Kusan kashi 8 cikin 100 na kundin gadon halittar ɗan Adam ragowar wasu ƙwayoyin bairos ne da suka shiga jikin magabata shekaru aru-aru da suka wuce, aka riƙa gadonsu iyaye da kakanni. Galibinsu a kwance suke. Wasu ma na da amfani, domin daga cikinsu ake samun sinadarin da ke taimakawa wajen gina mabiyiya a lokacin goyon ciki.

A 1989 masanin Faransa Hervé Perron ya gano irin wannan ƙwaya a jikin mai MS, daga baya aka danganta ta da dangin HERV-W. Bincike ya nuna cewa idan ta farka, takan samar da sinadarin da ke hura wutar kumburi a ƙwaƙwalwa, ya kuma hana gyaran rigar jijiyoyin. Ana zargin bairos ɗin Epstein-Barr da tada ta. Wani nazarin Jami'ar Harvard na 2022 kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya gano cewa kamuwa da shi na ninka haɗarin MS sau 32.

Kamfanin GeNeuro na Suwizalan ya gwada maganin temelimab domin daƙile sinadarin. Bai rage kumburi ba, sai dai an ga alamun raguwar ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa.

Wannan gado ya bambanta da na sikila: kowa na ɗauke da shi, don haka gwajin jini kafin aure ba ya nuna wanda zai kamu. Cutar ba ta yawaita a ƙasashe masu zafi irin Nijeriya, abin da kan sa a ɗauke ta shanyewar ɓarin jiki ko taɓin iska. Ga mazauna Dutse da kewaye, tantance ta na buƙatar hoton MRI da likitan jijiyoyi, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Fara magani da wuri na rage yawan tashinta da jinkirta naƙasa.